Kada Mu Raina Wasan Yara

Jama'a, sa'ad da na je gwajin koyarwa a Ogbete, cikin Inugu, na iske yara kewaye da tebur suna wasan tafiya da kumbo. Labarinsu ya kai inda rana ta yi aman haske mai dafi, sai suka ce a lulluɓe kumbon da dalma. Na ce a'a, matuƙa su ɓuya tsakanin tankunan ruwa, don in nauyi ɗaya ne, ruwa ya fi dalma tsarewa. Irin wannan aman ya auku cikin Agusta 1972, tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta 17, Allah ya sa ba kowa bisa hanyar wata.

Ni dai a ganina, kada malami ya hana irin wannan wasa. Ya zauna ciki ya gyara kuskure, don abin da yaro ya koya da dariya ba ya mantawa.