Mun biya kuɗin ƙwallo, to ina ƙwallon?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun shekaranjiya nake bin musun da ake tafkawa a guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar nan. Ga wanda bai biyo zancen ba: ofishin wasanni ne ya kawo shawarar a ƙara wani abu a kan kuɗin rajistar baɗi, wai don a farfaɗo da ƙungiyar kafin gasar NUGA. Kafin ka ce kwabo guruf ya ɗau zafi. Wani ya ce a rushe ta kowa ya huta, tunda ba ta cin kofi. Wani ya ce mu karatu ya kawo mu Kudu, ba tsalle-tsalle ba. Wani yayanmu da nake ganin girmansa ƙwarai ya ce makarantar da ta kasa ba mu ruwa a hostel ba ta da bakin yin maganar ƙwallo. Kwana biyu ina shiru, amma yau zan tofa albarkacin bakina, ko da za a ce 'yan ƙwallo sun saye ni.

Ƙarin kuɗi dai ban yarda da shi ba, ko na sisin kwabo, a nan bakinmu ɗaya. Masu cewa a rushe, da ku nake son magana, domin kuna shirin yafe bashin da ba ku ma san kuna bi ba.

Kowa ya ɗauko rasit ɗinsa na rajista ya duba. A cikin jerin abubuwan da muke biya, tsakanin kuɗin asibiti da na laburare, akwai kuɗin wasanni. Ni tun ina ajin farko a digirina na ɗaya nake biyansu, yanzu ga ni a mastas ban daina ba. Mai buga ƙwallo ya biya, wanda bai taɓa taka fili ba ya biya, 'yar uwarmu da daga lakca sai masallaci sai ɗaki ita ma ta biya. Ka ɗauki abin da ke rasit ɗinka ka ninka da yawan ɗaliban makarantar nan, sannan ka taka zuwa filin kwando da yamma ka gane wa idonka. Simintin ya tsattsage, ciyawa ta tsiro a tsakiya. Zoben gefe ɗaya ya lanƙwashe, na ɗayan gefen ba raga. Fitilun sun mutu tun kafin na zo, shi ya sa magariba na kawo jiki atisaye ya ƙare. Akwai wani ƙanina ɗan Funtuwa da ke aji uku, yana cikin ƙungiyar. Shi ya faɗa mini ƙwallayen da suke atisaye da su karo-karo suka yi suka saya, jesin kuma ta waɗanda suka gama makaranta ce suka gada. In za su wasa a wani gari, kowa da kuɗin motarsa.

To don Allah, ƙungiyar da aka bari a haka, a zo a ce ba ta cin wasa? Kamar ka hana doki dusa da harawa wata shida, ranar hawan sallah ka ce rago ne. In aka rushe ta gobe, wa ya gaya muku za a cire kuɗin wasanni daga rasit? Ni fannin akanta nake karanta, kuma abin da na lura shi ne layi in ya shiga takardar biyan kuɗi, fitarsa sai an sha wuya. Ƙungiya za ta tafi, layin ya zauna daram, kuma daga ranar babu sauran abin da za mu nuna mu ce ina kuɗinmu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An ci ladan, mu kuma muna cewa a bar askin.

Bari na ba ku wani labari daga Amurka, na ci karo da shi ina karatun yadda jami'o'i ke ɗaukar nauyin sassan da ba sa kawo riba. Wasan besbol ne, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda a ruga a zagaye kusurwa huɗu. A can jami'o'i suna da ƙungiyoyinsa, kuma yawancinsu asara suke yi, domin kuɗin wasannin jami'a a ƙwallon ƙafa irin tasu da ƙwallon kwando suke. A watan Satumba na 2010 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta sanar da cewa za ta soke ƙungiyarta ta besbol tare da wasu wasanni, don ta rage kashe kusan dala miliyan 4 a shekara. Ƙungiyar nan tun 1892 take, ita ce ta ci gasar farko ta zakarun jami'o'in ƙasar a 1947, ta sake ci a 1957, amma ta daɗe ba ta taka rawar gani ba. Tsofaffin ɗalibai da iyayen 'yan wasa ba su tsaya zage-zage ba. Sun tambayi jami'a nawa ne, aka faɗa musu, suka shiga bi gida-gida. Zuwa Afrilu na 2011 sun tara alkawarin kusan dala miliyan 9, jami'a ta janye hukuncinta. Yaran da suka fara kakar wasa suna ganin ita ce ta ƙarshe, a watan Yuni na shekarar sai ga su a birnin Omaha cikin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a ƙasar, abin da rabonsu da shi tun 1992.

Haka aka yi a Jami'ar Bowling Green ta jihar Ohayo lokacin korona. An soke besbol a watan Mayu na 2020, cikin 'yan makonni tsofaffin 'yan wasa suka yi alkawarin dala miliyan ɗaya da rabi na shekara uku, aka dawo da shi. Ita kuwa Jami'ar Wisconsin da ta soke nata a 1991, har yau bai dawo ba, duk da girmanta da arzikinta.

Na san abin da za a ce a kwament: Amurka daban, nan daban, su tsofaffin ɗalibansu masu dala ne. Gaskiya ne. Amma ni ba dalar ce ta ɗauki hankalina ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne jami'ar ta fito ta faɗi adadi. Ta ce abin nan yana cin kaza a shekara, ga giɓin, in an cike shi ya tsaya. Da akwai adadi a ƙasa, sai masu son abin suka san inda za su sa hannu. Mu nan an taɓa gaya mana nawa ake tarawa na wasanni a shekara? Nawa ke zuwa fili, nawa ke tafiya a alawus ɗin tafiye-tafiyen jami'ai, nawa ake karkatarwa zuwa man janareto? Ban ce wani ya ci ba, Allah ya kiyaye ni da ƙazafi. Na ce ba a nuna mana ba, kuma wanda bai nuna lissafin na jiya ba ba shi da hurumin neman ƙari yau. Sannan makarantar nan ta yaye manyan ma'aikatan banki da 'yan kasuwa da 'yan majalisa, wasunsu a filin nan suka yi ƙuruciyarsu. Gyaran siminti da fitilu da ƙwallaye goma bai fi ƙarfin mutum biyar daga cikinsu ba. Amma wa zai zuba kuɗinsa a rijiyar da ba ya ganin ƙasanta?

Yayanmu mai maganar ruwa, Yaya, wallahi ni ma da bokiti nake bin layin tanka da asuba, ba labari aka ba ni ba. Na kuma san jami'o'i na cikin matsi, musamman tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A a watan Afrilu na 2024 daga kusan naira 68 zuwa 225. Amma ruwa da wuta muna biyan nasu daban, suna cikin kuɗin hostel da sauran layukan rasit ɗin. In muka yarda cewa rashin ruwa hujja ce ta kashe fili, gobe rashin wuta zai zama hujjar rufe laburare, mu kuma muna ta biya. Kowane layi a tambayi nasa.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wai mu karatu ya kawo mu. Kamar wanda ya taɓa ƙwallo ya bar hanya. Mu da muka fito daga Arewa ne za mu faɗi haka? A filin kwando na ABU Zariya wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da yara. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zo ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Filin jami'a ne ya yi wannan, fili irin wanda muke cewa a bar wa ciyawa. Tobi Amusan 'yar Ijebu-Ode ce, amma sai da ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso ta samu horon da ya kai ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Duk muka yi ta sa hotonta a sitatus muna alfahari, ba mu tambayi kanmu me ya sa sai ta bar ƙasar ba. Gasar NUGA tun 1966 aka fara ta a Ibadan, kusan shekara sittin ke nan, amma har yanzu sai ana saura wata biyu ake tuna akwai 'yan wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ni ba don kofi kaɗai nake wannan magana ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu a makarantar nan a tsakaninmu kawai muke rayuwa. Ɗaki, lakca, masallaci, teburin mai shayi a unguwar Hausawa, shi ke nan. Ƙanin nan nawa ɗan Funtuwa shi ne ɗan Arewa da na sani wanda ya fi kowa abokai Yarbawa da Ibo da 'yan Neja Delta, kuma a fili ya same su. Lokacin da aka samu ɗan tashin hankali a gari bara, ana ta yaɗa jita-jita, kyaftin ɗinsu ne ya zo da kansa ya ɗauke shi zuwa gidan iyayensa ya kwana biyu. Ni da mastas ɗina ba ni da wanda zai yi mini haka a garin nan. Ga masu rubutun kundi irina kuma, da sufabaiza ke dawo mana da babi ɗaya sau huɗu, da akwai fitila a filin nan da wasunmu sun rage shan maganin ciwon kai.

'Yan uwanmu mata ma kuɗinsu na ciki, amma ban taɓa jin an ware musu ko awa biyu a mako su yi atisaye a tsakaninsu ba. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya tun 2017 ta amince a buga wasa da ɗankwali ko hijabi, kuma 'yan matan Najeriya ne ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka da ta kai zagayen kwata fainal a Olamfik, a Faris cikin 2024. In babu mai so a cikinku, 'yan uwa, ku faɗa da bakinku, amma kada mu maza mu yanke muku hukunci a guruf.

Don haka ni matsayina: a zuba kuɗi a ƙungiyar, a zuba sosai, daga abin da muka riga muka biya, sauran kuma a nema wajen tsofaffin ɗalibai. Ranar Alhamis bayan la'asar ƙungiyar ɗalibai za ta zauna da ofishin wasanni, kuma an ce ƙofa a buɗe take. Zan je da tambaya uku: nawa aka tara na wasanni a shekara uku da suka wuce, me aka yi da su layi-layi, kuma nawa ne gyaran fili da fitilu in an kawo ɗan kwangilar da bai da ɗan uwa a ofis. In an amsa, ni da kaina zan taya su rubuta wasiƙar neman taimako zuwa ga tsofaffin ɗalibai, kyauta. In ba a amsa ba, zan rubuto muku abin da aka ce, kalma da kalma.

Shugaban ƙungiyarmu, ranka ya daɗe, ina roƙon a sanar a masallaci bayan azahar ranar Laraba. Wanda zai zo ya taho da rasit ɗinsa, na bana da na bara in bai ɓata ba.