Wikipedia ta Hausa Na Buƙatar Ƙa'idar Rubuta Bayanan Waya

Duk mai leƙa Wikipedia ta Hausa ya san ana ƙoƙari, amma ɓangaren waya da kwamfuta sai a hankali. A shafi ɗaya za ka ga an ce sikirin, layi na gaba a ce allo, can ƙasa kuma fuska, alhali abu guda ake nufi. Yaron da ke koyon gyara a Shanga ko Yawuri ya sa data da kuɗinsa, ya karanta, ya tashi a ruɗe.

Ni a ganina, kafin a ƙara yawan shafuka, masu rubutun su zauna a shafin tattaunawa su tsayar da ƙa'ida: abu ɗaya, suna ɗaya, kuma sunan da masu sana'ar ke kiransa da shi. Mu a shago sikirin muke cewa, batir, fanel, wajen caji. Sauran sunayen a mayar da su turawa, wanda ya nemi allo ya faɗa kan sikirin. Wikipedia na da wannan tsarin tuntuni.

Ku duba iFixit, shafin gyara da aka kafa a Amurka a 2003, wanda kowa na iya gyara rubutun cikinsa. Kowane mataki da hotonsa, ana zagaye kowane sukuru da kala, a rubuta tsawonsa da milimita. Ba ƙawa ba ce. Ka ɗaura dogon sukuru a ramin gajere a iPhone, ya huda layukan fanel, wayar mutane ta tafi, kai kuma biya ya hau kanka.

Sai maganar hujja. A nan bakin ruwan Kainji waya na yawan faɗawa ruwa, kuma kowa zai ce maka a binne ta a shinkafa. Kamfanin Apple da kansa ya ce kar a yi, ɓurɓushin shinkafar na iya lalata wayar. Wanda zai rubuta irin wannan bayani dole ya nuna inda ya samo shi, ba "an ce" ba.

Haruffa masu lanƙwasa ma kar a yi wasa da su, kasa daban ƙasa daban. Gboard na da Hausa, ku shiga saitin harsuna ku ƙara ta. Fassarar na'ura kuwa, in ba ka zauna ka gyara ta ba, don Allah kar ka ɗora.