Mun Yi wa Discman Jana'iza da Ransa

Mun san wasu za su ce maƙalar wannan makon ta kauce daga adabi ta faɗa shagon gyaran rediyo. Su yi haƙuri su karanta tukuna.

Da wuya mu yi taro wani bai miƙe ya yi kukan cewa adabinmu na baka yana salwanta ba, dattawa suna tafiya da abin da suka sani, ba a taskace komai ba. Sai a tafa masa. Amma mu ɗin nan masu tafin, da yawanmu akwai kwali ko buhu a ɗakin iyayenmu cike da faifan CD da aka shekara goma ba a saurara ba. Ita kuwa 'yar kewayayyar na'urar nan mai batir da ke karanta su, wadda kowa ya sani da Discman, da hannunmu muka miƙa wa 'yan jari-bola a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, don kawai wata rana an danna ta ƙi tashi. Wannan sakaci ne, kuma bai dace da masu da'awar kishin harshe ba.

Za a ce ai an wuce wurin, komai yana intanet. Gaskiya ne za ka samu Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da tafsirin Malam Ja'afar a can. To ina waƙar da mawaƙin garinku ya yi ranar naɗin hakiminku? Ina karatun limamin unguwa da ya rasu, ko muryoyin ɗalibai ranar sauka, ko wani taron sha'irai da aka naɗa aka raba wa mahalarta? Irin waɗannan a faifan CD-R aka zuba su, 'yan kwafi kaɗan. Shi kuwa CD-R wani rini ne a cikinsa ke riƙe da sautin, zafi da hasken rana suna cin rinin a hankali. Kowace bazara da faifan ya yi a ƙarƙashin rufin kwano, kwanansa raguwa yake.

Wani kuma zai ce a kwafe su a kwamfuta mana. Madalla, can ɗin muke son a je. Sai dai sababbin kwamfutocin cinya yawancinsu ba su da wurin sa faifai, kuma kafin ka kwafa sai ka san abin da ke cikin faifai ɗari marasa suna. Discman ba ya jiran NEPA. Batir biyu sun isa ka ɗauke shi zuwa zaure, ka sa wa dattijo a kunne, ya gaya maka muryar wane ce wannan, a wane biki aka yi ta. Wannan bayanin babu shi a jikin faifan, a kan dattijon yake.

Kamfanin Sony ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 1984, samfurin D-50, shekara biyu bayan faifan CD ya shiga kasuwa. Daga baya su Panasonic da Aiwa da Philips suka bi sahu, da yawa kuma suka iso mana a gwanjo. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne tana aiki ne bi da bi. Idan ka rufe murfi, wani ɗan mitsitsin maɓalli zai shaida mata an rufe. Sai idon ya gangara tsakiyar faifai, ya yi sama ya yi ƙasa yana neman haskensa ya dawo masa. Idan ya gani, injin zai juya faifan, ta karanta jerin waƙoƙin, ta nuna adadinsu a allo. Daga ciki take karantawa zuwa waje, tana juyawa kusan sau 500 a minti a tsakiya, ta sauko wajen 200 a bakin faifai. Wanda ya san wannan jerin, kara kunnensa kawai zai yi ya ji inda tafiyar ta tsaya. Mu da muke taƙama da kunnen jin karin waƙa, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Idan ba ta motsa ko kaɗan, fara duba maɓallin HOLD a gefe. Abin dariya ne, amma shi aikinsa ke nan, ya kulle sauran maɓallan don kada su dannu a aljihu, kuma lafiyayyar na'ura tana iya zama kamar gawa saboda shi. Sai ka buɗe gidan batir. Farin gari ko kore-koren da ka gani a jikin ƙarafan, batir ne aka manta a ciki ya zubar. Tsoma tsinken goge kunne a ruwan kal ko na lemon tsami ka goge, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sarai. Game da adafta kuwa, nan ne ake kisan kai. Da yawa daga cikin na Sony bolt 4.5 suke sha, wasu tsofaffi 6 ko 9, kuma an rubuta a jikin ramin tare da alamar inda wutar ke shiga. Kan adafta ya shiga rami ba ya nufin ya dace. Wanda ya cusa mata bolt 12 na dikoda, shi ya ƙona ta, kada ya ɗora wa tsufa.

Idan allo ya kawo wuta amma faifai bai juya ba, ko ta rubuta cewa babu faifai, zargi biyu ne a gaba: maɓallin murfi ya lanƙwashe ko ya yi datti, ko kuma ido ya rufe. Na biyun ya fi yawa a wurinmu, ƙurar hunturu ba ta bar komai ba. Cire batir, ɗiga sifirit mai tsabta, irin wanda ake kira isopropyl, a auduga, ka shafa idon a hankali kamar mai share wa jariri kwantsa, domin a kan wasu siraran wayoyi yake lilo. Kada ka leƙa cikinsa tana kunne. Hasken leza ɗin ba ya ganuwa sosai, kuma yana iya yi wa ido lahani.

Idan tana waƙa tana tsalle, ko kullum ta maƙale a wuri guda ko da ka canza faifai, duba sandar da idon ke tafiya a kai. Giris ɗin masana'anta ya daskare ya haɗu da ƙura. A goge shi, a sa ɗan kaɗan sabo mara kauri, wanda ba ya cin roba. Idan kunne ɗaya ke magana sai ka murɗa wayar, gwada wani iyafis. In haka ne dai, dalmar ramin ce ta tsage, aikin minti biyar ne ga mai gyara. Sannan a daina yi wa na'ura ƙazafi a kan laifin faifai. Tsofaffin samfura ba su san MP3 ba, yawancinsu ba sa karanta CD-RW, wasu ma CD-R yana ba su wahala domin bai kai faifan kamfani maido da haske ba. Faifan fim na VCD kuwa ba abincin yawancinsu ba ne.

Yanzu ga waɗanda suka fi masu jefarwa ɓata mana rai, masu gyaran gangar Auzinawa. Akwai wani ɗan abin murɗawa a jikin idon da ke daidaita ƙarfin leza. Sai mutum ya ji an ce a murɗa shi, ya ɗauko sukudireba ya juya yadda ya ga dama. Na'ura ta yi waƙa kwana biyu, ya yi ta baza labari, a kwana na uku leza ta ƙone ƙurmus, kuma samun idon tsohon samfuri sai an sha wuya. Ba a taɓa wurin nan sai da na'urar awo da sanin adadin da masana'anta ta tsara. Haka masu wanke ido da fetur ko tina ko turare: idon roba ne, dusashewa zai yi har abada. Haka masu danna faifai da ƙarfi har su dulmiyar da kujerar da yake zama a kai, tazarar da ke tsakaninsa da ido ta ɓaci. Waɗannan ba gyara suke yi ba, gaggawa ce kawai da rashin tambaya, irin wadda ke sa wasunmu sakin littafi ba a tace ba.

Ba mu ce komai zai gyaru a gida ba. Samfuran ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 suna fama da kafasita masu yoyo, alamarsu sauti ya raunana ko ya riƙa gurnani, wani lokaci har da ƙarni kamar na kifi idan an buɗe. Wannan sai tsohon mai gyaran rediyo, kuma a hanzarta neman su, domin samarin duk sun koma gyaran waya a irin su Farm Centre. Wadda ta mutu murus ma kada a ba 'yan jari-bola. Murfinta da injinta da idonta za su iya tayar da 'yar uwarta.

Shi faifan kansa, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi a kewaye, domin ƙarzuwar da ta bi layin sauti ita ce na'ura ke kasa tsallakewa. Kuma bayan da ake rubutu a kai ya fi cikin mai ƙyalli rauni, sautin yana dab da shi ne, biro na iya huda shi. Da maka mai laushi za a rubuta sunan mai murya da gari da shekara, a daidai lokacin da dattijon yake faɗa, kafin a cire faifan a sa na gaba.