Sai Yaro Ya Ga Abu A Zuci Kafin Ya Fahimce Shi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon shanyewar ɓarin jiki a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san cewa idan ciwon ya kama hannun dama da ƙafar dama, sau da yawa magana ma takan sarƙe ko ta ɗauke. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɓari biyu ce. Ɓarin hagu ne yake sarrafa gefen dama na jiki, kuma ga akasarin mutane a nan ne cibiyar magana take. Wani likita na ƙasar Faransa, Paul Broca, shi ya soma gano wurin a 1861, sa'an nan Carl Wernicke na Jamus ya gano wani wurin dabam a 1874, wanda idan ya lalace mutum zai yi ta zuba magana amma ba ya gane abin da ake faɗa masa.

Bayan da Roger Sperry na Amurka ya sami lambar yabo ta Nobel a 1981, saboda nazarin masu farfaɗiya waɗanda aka raba wa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu ta hanyar tiyata, sai wata magana ta bazu cewa hagu na harshe ne, dama kuwa na hoto. Wannan sauƙaƙawa ce da ta wuce gona da iri. Da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka samu, an ga cewa ɓarin biyu duka suna aiki lokacin da mutum yake siffanta abu a zuci. A 2004 Marcel Just da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna cewa jimlar da ke sa mutum ya siffanta abu takan tayar da sassan da ke lura da siffa da wuri, ba sassan harshe kaɗai ba. A wannan shekarar kuma wasu masana a Cambridge ta Ingila suka ga cewa karanta kalmomin lasa da ɗauka da shuri yakan motsa sassan da ke sarrafa harshen baki da hannu da ƙafa. Tun a 1971 ma Allan Paivio na Kanada ya bayyana cewa kalmar da ke zuwa da hoto ta fi zama a ka.

Ba shakka akwai mutanen da ba sa iya ganin hoto a zuci ko kaɗan, kuma suna fahimtar magana. Amma ga yawancin jama'a, fahimta ba jin sauti ba ce kurum.

To, a nan ne batun ya shafi makarantun firamare na gabashin Jihar Sakkwato. In aka ce wa yaron Goronyo madatsar ruwa, nan take zai ga ruwan Gulbin Rima shimfiɗe a gabansa. In aka ce wa yarinyar Wurno fadama, za ta ga shinkafa da albasa da tafarnuwa, har ta ji ƙanshinsu. Amma a ɗauki waɗannan yara a aji ɗaya, a rubuta musu jimla a allo cikin harshen da ba su taɓa ji a gida ba, za su maimaita ta da ƙarfi har malami ya ji daɗi, alhali babu abin da ya bayyana a zukatansu. Haddar da babu hoto a bayanta ba ta kai yaro ko'ina, kuma yankin da rashin tsaro ya riga ya rage wa yara kwanakin karatu ba shi da lokacin ɓatawa.

Magabata sun san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake Wurno, malami ne da ya yi rubuce-rubuce da Larabci, amma 'yar'uwarsa Nana Asma'u da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun 'Yan Taru, waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta ba su. A zamanin boko ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a farkon firamare, a 2022 aka faɗaɗa shi zuwa shekara shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar komawa ga Turanci, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Damuwar Minista tana da tushe, domin ba wanda zai ci jarrabawar shiga jami'a ba da Turanci ba. Sai dai da wuya a ce an gwada tsarin da aka soke gwaji na gaskiya, tun da ba a wadata makarantu da littattafai da malaman da aka horar dominsa ba.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jiha ta fito fili ta gaya wa malamai cewa bayyana darasi da Hausa ko Fulatanci ba laifi ba ne, kuma Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari ta koya wa ɗalibanta fara darasi da abin da yaro ya sani da idonsa.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa tana da nata aikin. Akasarin binciken da aka ambata a kan masu Turanci aka yi shi, alhali Hausa harshe ne mai karin sauti, inda wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha ba su bambanta ba sai da hawa da saukar murya. Jami'ar tana da masana harshe, asibitin koyarwarta kuma yana da likitocin ƙwaƙwalwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan aiki ɗaya, Gwamnatin Jiha kuma ta ware musu kuɗin yinsa.