Ruwan Shinkafa, Ƙofar Bayan Bilicin

Wata fatawa ta cika wayoyin mata a 'yan shekarun nan, har masu ilimi sun sa mata hannu. Wai duk mai son fatarta ta yi haske ba sai ta kai kanta ga man bilicin ba. Ta ɗebi shinkafa rabin kofi, ta jiƙa, ta tace ruwan, ta riƙa shafawa safe da yamma. Wasu su ce a bar shi ya kwana biyu ya yi tsami tukuna, wasu su ce a zuba zuma da madarar gari, ko a matsa lemon tsami. Ana faɗa a TikTok, ana turawa a zaurukan mata na WhatsApp, masu gyaran jiki suna faɗa wa amare. Hujjar ba ta canzawa: abin ci ne, ba shi da illa, kuma da shi matan Japan da Sin suke ado.

Ƙarya ce, ruwan shinkafa ba ya sa fari. Kuma rigimata ba da masu sayar da mai ba ce, su kasuwa suke ci, kowa ya san su. Da masu kyakkyawar niyya nake, waɗanda suke ganin sun ceci yarinya in sun ƙwace kwalbar mai daga hannunta sun miƙa mata kwanon shinkafa.

Launin mutum ba dauɗa ba ce da ke kwance a saman fata, balle a ce wanki zai fitar da shi. A can ƙasan shimfiɗar fata ta sama akwai wasu ƙwayoyi da ba su da aiki sai ƙera sinadarin launi, wanda likitoci ke kira melanin. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushiya da na Baturiya. Bambancin yana ga yawan melanin ɗin da suke fitarwa da kuma irinsa, gado ne ke tsara wannan, rana ta ƙara nata. Wani sinadari mai suna tirosinas shi ke tuƙa aikin. Duk abin da zai haskaka mutum da gaske, dole ya ratsa fata ya kai can, ya danne tirosinas ko ya illata ƙwayoyin kansu. Kuma da yake fata tana sabunta kanta cikin kusan wata guda, ranar da aka daina shafawa launi ya kama hanyar dawowa. Ke nan abin da zai iya mayar da baƙar mace fara magani ne mai ƙarfin gaske, ko daga ganye aka tatso shi ko daga masana'anta. Ba za a ce abu yana da ƙarfin sauya launin mutum ba, sannan a ce ba shi da ƙarfin yi masa komai. Masu tallar ruwan shinkafa sai su zaɓi ɗaya.

To me ke cikin ruwan? Sitaci ne mafi yawa, sai ɗan burbushin bitamin da ma'adinai. Sinadaran da ake yabon shinkafa da su a harkar gyaran fata a dusarta suke zaune, dusar kuwa injin casa ya riga ya kwashe ta tun kafin buhu ya iso kasuwa. Daɗin daɗawa, mafi yawan shinkafar da muke dafawa gumi ce, an turara ta da ɓawonta kafin a cashe, abin da ke daskarar da sitacin ya kuma tura abubuwan amfani cikin ƙwayar. Shi ya sa ruwan wankinta bai kai na shinkafar tuwo fari ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake shanyar shinkafa a bakin titi ya san abin da ruwan farko ke ɗauke da shi.

Hasken da mace ke gani a madubi bayan ta shafa ba ƙarya idonta ya yi mata ba. Sitacin ne ya bushe ya bar farin gari a fuska, kamar farar ƙasa a jikin bangon laka. Alwala ɗaya ta isa ta wanke shi.

Batun Japan da Sin kuwa an yanko shi ne an bar rabinsa. Abin da ake ba da labari game da matan fadar Japan na zamanin Heian, tsakanin shekarar 794 da 1185, gashi ne, da ruwan shinkafa suke wanke shi. Matan ƙabilar Yao na ƙauyen Huangluo a yankin Guangxi na ƙasar Sin, waɗanda hotunansu suka zagaye duniya, su ma da tsawon gashi suka yi suna. Inda shinkafa ta haɗu da maganar haske shi ne sinadarin kojik, wanda aka gano a Japan a 1907. Shi kam yana danne tirosinas. Sai dai ba shinkafa ke yin sa ba, wata irin fumfuna ce da ake kira koji, wadda Japanawa ke renonta a kan dafaffiyar shinkafa don haɗa giyarsu da kayan miyarsu. Kwanon da aka rufe aka ajiye bayan ƙofa a zafin Kano ko Maraɗi ba koji zai haifar ba, ƙwayoyin cuta ne za su yi sansani a ciki. Shi kansa kojik ɗin yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata, har Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a man fuska da na hannu.

Tun da Japan ake kafa mana hujja da ita, sai a ƙarasa labarin. A 2013 kamfanin Kanebo ya janye kayan haskaka fatarsa daga kasuwa, bayan wani sinadari da ke ciki ya bar fararen dabbare-dabbare a jikin mutum kusan 20,000. Sinadarin irin wanda ake samu ne a ɓawon wata bishiya. Fitowarsa daga itace ba ta hana shi lalata ƙwayoyin launi ba.

Ba na hana ruwan shinkafa haƙƙinsa. Wani bincike da aka yi a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 2002 ya nuna cewa zuba sitacin shinkafa a ruwan wanka yana taimaka wa fatar da ta tsattsage ko mai fama da ƙaiƙayi wajen warkewa. Yana sanyaya fata, yana sa ta laushi na ɗan lokaci. Iyakarsa ke nan. Babbar falalarsa kuma, a wannan tsadar, ita ce shinkafar ba ta tafi a banza ba, ana iya ɗora ta a wuta bayan an tace.

Za a ce da ni, ai ga wance ta gwada kuma ta yi haske, ido ba ya ƙarya. A duba lokacin da ta gwada. Sau da yawa lokacin gyaran amarci ne: an killace yarinya a ɗaki ba ta shiga rana, ana goge ta da dilka, ana cire gashi da halawa, ana shafa kurkum mai barin rawaya a jiki, ga turare, ga hutu, ga abinci. Duhun da rana ta ƙara mata ya janye, mataccen saman fata ya fita. Wannan launinta ne na asali, wanda ke cinyarta tun da can. Sai a ɗauke ta hoto da wayar da ke haska fuska da kanta, a ce aikin ruwan shinkafa ne.

Akwai kuma wata wancen, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ta shafa ruwan shinkafa wata guda ba ta ga komai ba, ta koma wajen mai gyaran jiki da ƙorafi. Ita kuwa ba za ta ce mata abin ba ya aiki ba. Cewa za ta yi: “Ai ba ki iya haɗawa ba ne, Hajiya. Ga nawa, oganik ne, shinkafa ce da madara da kurkum kawai. Ba bilicin ba ne, kalarki zai fito miki da ita.” Roba ce ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. Cikin mako ɗaya fuska ta washe. Duk haɗin da ya yi wannan saurin, ba shinkafar cikinsa ce ta yi ba. Abubuwa uku aka sani a wannan harka: mayukan tub masu sitiroyid irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda aka yi don cututtukan fata masu tsanani a kuma shafa na ɗan lokaci, sai hydroquinone, sai zaiba.

Sakamakonsu a fili yake a gidajen biki. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, hannu fari. Kumatu sun ƙone sun yi duhun da ba ya fita, wanda hydroquinone ke bari in an daɗe ana shafa shi. Fata ta yi siriri har jijiyoyi sun bayyana, nankarwa ta tsaga damtse da cinya, ƙuraje da ƙyasbi sun samu gona. Abin da ido ba ya gani ya fi muni. Sitiroyid yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya hana rauni warkewa, abin da likitan tiyata ke fargaba ranar da za a yi wa mace aikin haihuwa. Zaiba tana cin ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga ɗan tayi, tana bi ta nono.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluman da har yau ake maimaitawa: kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan haskaka fata, Togo 59, Senegal 27, Mali 25. Na Najeriya daga binciken da aka yi kan 'yan kasuwa a Legas ya samo asali, don haka ba sai an ɗauke shi kamar ƙidayar ƙasa ba, amma wanda ke zuwa suna da ɗaurin aure ba ya buƙatar a lissafa masa. Gwamnatoci sun yi ta kafa doka: Kwaddebuwa a 2015, Ghana a 2016, Kamaru a 2022. NAFDAC ta fitar da nata ƙa'idojin a 2019, ta kuma ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Dokar kwalba mai suna take iya kamawa. Robar da aka haɗa a uwar ɗaki aka ce ta shinkafa ce, wa zai kama ta?

Nan ne laifin masu nasihar “a koma na gargajiya” yake. Duk wanda ya ce wa yarinya ta bar mai ta shafa ruwan shinkafa don ta yi haske, ya riga ya yarda da ita cewa baƙinta matsala ce, hanyar magancewa kawai suka saɓa. Ya bar mata buƙatar, ya ba ta abin da ba zai biya ta ba. Mai haɗi kuwa tana zaune tana jiran ranar da haƙuri zai ƙare.

Buƙatar kuma ba yarinyar ce ta ƙirƙire ta ba. Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata. Samarinmu ne ke cewa fara ko mayya ce, ana dariya. Dangin ango ne ke dawowa daga ganin amarya, tambayar farko ita ce fara ce ko baƙa. Uwargida ce ke jin za a yi mata kishiya fara, ta bazama neman mai. Mun shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya, ƙasar da aka fara sayar da Fair & Lovely a 1975, man da sai a 2020 kamfanin Unilever ya ji kunya ya sauya masa suna, muka kuma ɗauko wannan ma'aunin muka shigar da shi namu finafinan. A 2025 BBC ta kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida man bilicin, saboda kakarsu ta fi nuna so ga jikokinta farare. Yaran suka tashi da ƙuna da tabo. Ba jahilcin sinadarai ne ya kai ta ba, wariyar cikin gida ce. Da an ba ta ruwan shinkafa tun farko, da ta gwada, ta ga bai yi ba, ta ƙarasa inda ta ƙarasa.

Malamai suna wa'azi a kan mata masu canza halitta, kuma aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin launukan mutane cikin ayoyin Allah. Ina so in ji rabin wannan zafin ya sauka a kan mai neman aure da ya kafa sharaɗin fara, da uwar da ke ce wa 'yarta baƙa mummuna tun tana goye.

Masu cewa a ƙyale mata da ruwan shinkafarsu tun da ba ya cutarwa, su ma ba su duba yadda ake amfani da shi ba. Ba a barin sa shi kaɗai. Lemon tsamin da ake matsawa, in ya zauna a fata aka shiga rana, ƙonewa yake sawa, ya bar baƙin tabo na watanni. Ruwan da ya yi tsami ana shafa shi a kan ƙurajen da aka matse. Baƙar fata kuwa duk abin da ya fusata ta, da ƙarin melanin take ramawa. Mai neman haske sai ta wayi gari da tabon da ba ta da shi a da, tabon kuma shi ne hujjar sayen haɗi.

Akwai matan da damuwarsu ta gaskiya ce: tabon ƙuraje, duhun da ke fitowa a kumatu da goshi lokacin ciki, ƙyasbi. Waɗannan suna da magani, kuma kowanne da nasa. Ƙyasbi fumfuna ce, maganin fumfuna take so, sitiroyid ƙara mata ƙarfi yake yi. Tabo yana buƙatar a fara kashe ƙurajen, a daina matsa, a kare fuska daga rana da man kariya ko da inuwa. Likitocin fata a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna rubuta hydroquinone ɗin ma, amma a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni, suna dubawa.

Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shafa haɗi a duk jiki, kada wata ta ruɗe ta da cewa ta watsar yau ta koma ruwan shinkafa gobe. In akwai sitiroyid a ciki, yankewa lokaci ɗaya yana sa fata ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, kuma mai yiwuwa jikinta ya rage ƙera nasa sinadarin da man ya maye gurbinsa, abin da kan kai mutum gadon asibiti. A hankali ake janyewa, a hannun likita. Ta tafi da robar, ko da ba a rubuta komai a jikinta ba.