Abincin Kare Mai Araha: Kada Hoton Buhu Ya Ruɗe Mu

Na san wasu da zarar sun ga kan wannan rubutu za su ce, "Yau kuma maganar abincin kare za a yi mana? Me ya haɗa Bahaushe da shi?" To a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, don abin ya shafe mu ta fuska biyu.

Ta farko, a nan Ibadan da Legas da Fatakwal, 'yan uwanmu da yawa aikin gadi suke yi, kuma galibin manyan gidajen akwai karnuka. Sau da yawa maigadi ake miƙa wa kuɗi a ce ya sayo abincin kare, shi ne kuma mai zuba masa. Ranar da karen ya kwanta ciwo ko ya mutu, ba kamfanin da ya yi abincin za a kama ba, maigadi za a fara tuhuma, wani lokacin har a ce guba ya ba shi. Ta biyu, kusan duk busasshen abincin kare mai araha hatsi ne ya fi yawa a cikinsa, musamman masara, mu kuwa mu ne 'yan hatsi. Mahaifina masara da waken soya yake sayarwa a kasuwar Bodija, a rumfarsa na tashi, don haka da idon ɗan hatsi nake kallon wannan magana.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: araha ba laifi ba ce, tsada kuma ba shaida ba ce. Buhun abincin kare kamar buhun masara yake, ba a saye don kyan ɗinkin baki. Sai an san abin da ke ciki, an san yadda aka adana shi, sannan an ga abin da ya yi a jikin dabbar.

A fara da juya buhun. Hoton nama da kifi da ke gaba talla ce kawai, gaskiyar tana baya, wurin da aka jera kayan haɗi. Ƙa'idar ita ce a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Amma akwai dabara biyu da ya kamata a sani. Ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, don haka zai iya hawa kan jeri, amma bayan an busar da abincin abin da ya rage kaɗan ne. Garin nama ko na kifi da aka riga aka busar ya fi shi auki. Ɗaya dabarar kuma ita ce a raba abu guda gida uku: a rubuta masara, a rubuta dusar masara, a rubuta tsakin masara, ta yadda kowanne zai sauka ƙasa da nama, alhali in an haɗa su masarar ce sarki. Haka nan a lura ko an faɗi naman mene ne. Wanda ya ce kaza ko kifi ya fi wanda ya ce "nama" kawai ya yi shiru.

Ba ina cewa masara aibi ba ce. Kare yana narkar da dafaffen hatsi sosai. Wani bincike da masana a ƙasar Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kare ya fi kyarkeci iya narkar da sitaci, saboda daɗewar zamansa da ɗan Adam. Matsalar ita ce hatsi kaɗai ba ya gina jiki yadda ake so.

Daga nan sai a duba lambobi. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da dama ke bin ma'auninta, ta ce babban kare yana bukatar aƙalla furotin kashi 18 cikin 100 da mai kashi 5.5, ɗan kwikwiyo da uwa mai shayarwa kuwa furotin kashi 22.5 da mai kashi 8.5, bayan an cire lissafin ruwan da ke cikin abincin. Duk buhun da ya gaza haka, a bar wa mai shi kayansa. A kuma duba ko an rubuta cewa cikakken abinci ne, da shekarun karen da aka yi dominsa.

Sai dai ita ma lambar ba a rantsuwa a kanta. Masu awo ba furotin ɗin kansa suke aunawa ba, sinadarin naitirojin suke aunawa su yi lissafi. Wannan ƙofa ce maha'inta suka bi a 2007, lokacin da aka zuba sinadarin melamin, wanda ake yin roba da shi, cikin kayan haɗin da aka kai Amurka daga ƙasar Sin don awo ya nuna furotin mai yawa. Karnuka da kyanwoyi da dama sun mutu da ciwon ƙoda, aka janye abinci iri-iri daga kasuwa, ciki har da masu tsada masu suna. A 2008 irin wannan ha'inci ya faɗa wa madarar jarirai a Sin, yara 6 suka rasu. Ashe ke nan tsada ba ta hana cuta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato fumfuna. Masarar da ba ta bushe ba, ko wadda ta sha danshi a sito, tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin. Girki ba ya kashe ta, kuma hanta take ci. Kare yana cikin dabbobin da ba su da juriyarta, ga shi kullum abinci ɗaya yake ci daga buhu ɗaya. A ƙarshen 2005 kamfanin Diamond a Amurka ya janye abincinsa bayan karnuka sun mutu saboda gurɓatacciyar masara. A ƙarshen 2020 aka sake yi da abincin Sportmix, inda rahotannin da suka isa hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka nuna mutuwar dabbobi sama da 100. In haka ta faru a can, ina ga nan kudu da damina ke daɗewa, iska ma jiƙe take? Gubar ba ta tsaya kan dabba ba, don a Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci irin wannan masara. Saboda ita ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona.

A nan ne zan yi wa 'yan uwana 'yan kasuwa magana, kuma a gafarce ni, yaro ne ke magana gaban manya. Akwai al'adar nan ta ware masarar da ta yi baƙi ko ta dunƙule, a karya farashinta a ce "ai na dabbobi ne". Wallahi wannan ba daidai ba ne. Masarar nan ita za ta koma abincin kaji, ko na kifi, ko na kare. Ƙila ma karen da za ta kashe, ɗan unguwarmu ne ke gadinsa, shi za a kora daga aiki. Riba kaɗan ba ta kai a zubar da sunan da iyayenmu suka gina a Sabo tun 1916 ba.

Ga mai saye kuma, shawarata ita ce ya guji abincin da aka farke buhu ana aunawa a kwano ko a ƙulla a leda. Ba ka san sunansa ba, ba ka san ranar lalacewarsa ba, man da ke jikinsa kuma zafi na sa shi wari. Ka nemi buhu rufaffe mai lambar NAFDAC da kwanan wata. Ka shinshina, ka duba ko akwai ƙwari ko dunƙulewa. A gida ka ɗora shi kan katako nesa da bango, ka rufe bakinsa, kamar yadda muke yi wa hatsi.

Maganar araha kuwa, a rana ake lissafinta, ba a buhu ba. Misali, buhu biyu kowanne kilo 15. Na farko sai kare ya ci giram 500 kafin ya ishe shi, zai ƙare a kwana 30. Na biyu giram 375 ya wadatar, zai kai kwana 40. In kuɗin na farko ya wuce kashi uku cikin huɗu na kuɗin na biyu, to mai arahar shi ne mai tsadar.

Alƙali na ƙarshe shi ne karen kansa. In za a canza abinci, a riƙa gauraya sabo da tsoho har mako guda. Bayan wata ɗaya a duba: gashinsa na sheƙi? Yana da kuzari da dare? Ana jin haƙarƙarinsa da hannu ba tare da sun fito fili ba? In bayan gidansa ya yi yawa kuma da ruwa-ruwa, abincin wucewa kawai yake yi. In kuwa ya ƙi ci, yana amai, idonsa da dasashinsa suka yi ɗorawa, a daina ba shi nan take, a adana buhun, a gaya wa maigida a garzaya wurin likitan dabbobi. Jami'ar Ibadan tana da asibitinsu. Adana buhun nan shi ne shaidarka. Kuma kada a ce za a ƙara masa da sauran miya, don albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya huda hanji.

Malamanmu sun halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma duk dabbar da ke hannunka amana ce, ba ta da bakin da za ta kai ƙara. Wanda ya san wani maigadi da ba ya karatu, don Allah ya karanta masa wannan. Allah ya ba mu halal, ya tsare mu a wannan zama na baƙunta.