Lungunmu ba sai ya jira kwalta ba

 

Damina da ta wuce, naƙuda ta kama wata maƙwabciyata da tsakar dare bayan an sheƙa ruwa. Mai adaidaita ya zo bakin layi ya tsaya, ya ce wallahi in ya shiga ba zai fito ba. Mu huɗu muka tallabo ta cikin taɓo har bakin titi. Allah Ya sa ta sauka lafiya, amma tun daren nan maganar hanya ba ta bar raina ba.

Duk kakar zaɓe abin da muke roƙo ɗaya ne: a sa mana kwalta. A ce mana to, shekara huɗu ta wuce, layi yana nan yadda yake. Kwalta irin ta manyan tituna tana cin kuɗi da manyan injuna, kuma ba za ta kai kowane lungu ba. Ra'ayina shi ne mu riƙa neman abin da aljihun ƙaramar hukuma zai iya ɗauka bana.

Na farko, magudanar ruwa. Ruwa ne ke kashe hanya. In ya kwanta a kai, ƙasan ta yi laushi, mota ɗaya ta bi ta buɗe rami. Don haka kwata a gefe da kwalbati a mahaɗa su ne farkon aiki. Duk ɗan kwangilar da ya fara shimfiɗa bai yi wa ruwa hanya ba, kuɗinmu ya zuba a rariya.

Na biyu, jan marmara. Gireda ta gyara hanyar yadda tsakiya za ta ɗan fi gefe tudu, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, rola ta danne sosai. Wannan ya fi komai sauƙi, ya dace da hanyar ƙauye zuwa kasuwa. Aibinsa ƙura da rani, kuma yana son gyara bayan kowace damina. A juye tifa a tafi ba a danne ba, wannan ba aiki ba ne.

Na uku, intalok. Ga gajerun layukan cikin gari ni shi na fi so. Ana danne ƙasa, a shimfiɗa yashi, a jera bulon, a ɗaure gefe da kankare. Masu buga bulo na unguwa za su iya yin sa, samarinmu su jera. In bututun ruwa ya fashe, a ɗaga wurin a gyara a mayar. Sai dai a kula: inda mota ke bi ana son mai kaurin santimita 8, kuma bulon da aka yi wa rowar siminti ko ba a shayar da shi ruwa ba, marmashewa yake yi.

Na huɗu, kwaltar yayyafi, wadda ake fesa kwalta a watsa tsakuwa a danne. Ta fi ta manyan tituna araha, tana kuma riƙe hanyar da tireloli ba sa yawan bi. Inda Allah Ya hore duwatsu kuma, a dubi Habasha: a garuruwa irin su Adama da Addis Ababa da dutsen da aka sassaƙa da hannu suka shimfiɗa layuka, mata da yawa sun ci abinci a aikin.

Wa za mu tambaya? Tsarin mulkin 1999 ya sa gina da kula da layuka da magudanai cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To ƙofar ciyaman da ta kansila za mu ƙwanƙwasa, ko namu ne ko ba namu ba. Namu ma ya fi cancanta mu matsa masa, don mu za mu koma gida-gida neman ƙuri'a, mu za a nuna wa taɓon.

Ga abin da nake roƙon kowace shugabar mazaɓa. Ku zauna da matanku ku zaɓi layuka uku da suka fi muni, a fara da mai zuwa asibiti ko makaranta. A auna tsawonsu ko da taku ne, a ɗauki hoto bayan ruwa, a rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, a kai wa kansila kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi. Ku riƙe kwafi.

Mu ma da namu laifin. Mu daina tura yara zubar da shara a kwata, kuma kar a zuba baƙin mai don kashe ƙura, rijiyoyinmu yake gangarawa. A Islamiyya an koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina jiran jerin layukanku nan da Juma'a mai zuwa. Allah Ya bar zumunci, Ya sauki masu ciki lafiya.

Taku,
Shugabar Mata